Tsarin tafi-ka-dawo a Littafi Mai Tsarki: yana ciki, ko mu muke ƙaƙaba shi?

Maman Rahila:
Salama 'yan'uwa. Ina da tambaya, ku yi haƙuri da tsawonta. Ran Lahadi wani matashin mai wa'azi ya baƙunce mu, ya ɗauko labarin Nuhu. Maimakon ya karanta ya yi bayani yadda aka saba, sai ya sa aka jawo allon makarantar Lahadi, ya shiga rubuta A, B, C yana gangarowa. Da ya kai tsakiya sai ya juya, C, B, A. Wai haka aka gina labarin, rabin farko da rabi na biyu suna kallon juna, zuciyar maganar kuma tana Farawa 8:1, inda aka ce Allah ya tuna da Nuhu. Ni kam abin ya burge ni. Amma muna fitowa surukata ta ce shekara sittin tana jin labarin Nuhu ba ta taɓa jin A da B a cikinsa ba, yaron nan lissafi ya zo koya mana. Na rasa abin da zan ce mata. Abin nan yana cikin Littafin da gaske, ko dabarar 'yan makarantar tauhidi ce?

Habila mai gita:
A gaishe da Kaka. Ni ma da alli na gani a hannun mai wa'azi sai gabana ya faɗi, na tuna jarrabawa.

Ɗan Wusasa:
Maman Rahila, yana ciki, yaron bai ƙirƙira ba. A da B ɗin ne dai ba sa ciki, waɗannan alamar masu nazari ce kawai.

Ki ɗauka kin tashi daga Kano, kin wuce Zariya, kin wuce Kaduna, kin sauka Abuja. Da kin juyo gida sai Kaduna, sai Zariya, sai Kano. Garuruwan ba su canja ba, jerinsu ne ya juya, abin da ya fitar da ke daga gida kuma yana can inda kika juyo. To haka tsofaffin marubutan Ibrananci suke son tsara magana a wurare da yawa. Turawa suna ce masa kiyasmus, daga harafin Helenanci mai kama da X, domin in kin ja layi tsakanin abubuwan da suka dace da juna sai layukan su gicce.

Buɗe Farawa ki bi kwanakin da yatsa. 7:4 kwana 7. 7:10 kwana 7. 7:17 kwana 40. 7:24 kwana 150. Sai 8:1, Allah ya tuna da Nuhu. Daga nan 8:3 kwana 150, 8:6 kwana 40, 8:10 kwana 7, 8:12 kwana 7. Kafin 8:1 ruwa yana hawa har ya rufe duwatsu, bayanta yana janyewa har kawunan duwatsu suka bayyana. Wani masani ɗan Birtaniya, Gordon Wenham, shi ya shimfiɗa wannan dalla-dalla a 1978, ya jera abubuwa 31, goma sha biyar a kowane gefe, ɗaya a tsakiya. Ina kyautata zaton daga wurinsa baƙonku ya samo.

Maman Rahila:
Kai! Na buɗe na duba, haka yake. 7, 7, 40, 150, sai 150, 40, 7, 7. Sau nawa na koya wa yara labarin nan ban lura ba.

Baba Katikis:
Sannunku. Na karanta abin da ɗana na Wusasa ya rubuta, ban ƙaryata shi ba. Amma ɗana, ka tsallake 7:12. A nan ma an ce kwana 40 dare 40. A 7:4 ɗin da ka ambata ma akwai 40 tare da bakwai ɗin. Me ya sa ka ɗauki arba'in ɗaya ka bar biyu? Mai auna hatsi in yana zaɓen tiyar da zai ƙirga, kullum lissafinsa zai fita daidai.

Ɗan Wusasa:
Baba, kun kama ni, kuma ba ku ne na farko ba. Wani farfesan Ibrananci a Kambirij, John Emerton, ya rubuta raddi a 1987 da 1988, ya ce an zaɓi abin da ya dace an bar wanda bai dace ba. Sai dai akwai abin da yake riƙe ni. Kwana 7 na 7:4 da na 7:10 mako ɗaya ne, an faɗe shi sau biyu. Kwana 150 ɗin ma da alama lokaci ɗaya ne, domin ruwan ya fara ran 17 ga wata na biyu, jirgin ya tsaya ran 17 ga wata na bakwai, wata biyar ke nan. Me zai sa marubuci ya maimaita adadi ɗaya, sau ɗaya kafin tsakiya sau ɗaya bayanta, in ba yana so gefe biyun su yi nauyi ɗaya ba?

Baba Katikis:
Ko kuma labari biyu ne aka ɗinke, kamar yadda aka koya mana tun muna samari. A 6:19 an ce biyu-biyu, a 7:2 an ce bakwai-bakwai na masu tsarki. Ban ce na yarda da wannan koyarwar ba, ina dai nuna maka cewa maimaici yana da fassara fiye da ɗaya.

Tsohon Rabaran:
Katikis abokina, bari in shiga tsakaninka da yaron. Ku biyun kuna iya yin gaskiya a lokaci ɗaya. Tela yakan ɗauki ƙyalle biyu ya ɗinka riga ɗaya mai hannu biyu daidai wa daida. Daidaiton hannuwan bai nuna ƙyallen ɗaya ba ne, ya nuna dai telan ya san aikinsa. Tun zamanin masanin nan Bajamushe Julius Wellhausen a ƙarni na 19 ake wannan gardamar, ba a zauren nan za mu kashe ta ba.

Ni shawarata a fara da ƙanana, inda ba wanda zai yi musu. Farawa 9:6, kalma shida ce a Ibrananci: shofek dam ha'adam, ba'adam damo yishafek. Zubarwa, jini, mutum, sai mutum, jini, zubarwa. Ba abin da aka tsallake, ba abin da aka ƙara. Kuma ku lura, siffar maganar ita ce hukuncin: abin da ka aika shi zai dawo maka ta hanyar da ya bi. Hausa ma tana iya ɗaukarsa ba tare da an karya mata ƙashi ba. Wanda ya zubar da jinin mutum, ta hannun mutum jininsa zai zuba.

Ishaya 6:10 ma haka: zuciya, kunnuwa, idanu, sai idanu, kunnuwa, zuciya. Markus 2:27 kuwa kowa ya haddace, Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba.

Talatu:
Baba Rabaran, ashe mu ma muna da shi. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. So, ƙi, ƙi, so.

Tsohon Rabaran:
Madalla 'yata. Maman Rahila, ga amsar surukarki nan. Ki tambaye ta ko ta taɓa jin A da B a cikin wannan karin maganar. Ba ta ji ba, amma ta haddace shi tun tana yarinya, juyin nan kuwa shi ya sa ya zauna mata a ka.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ni baƙo ne a nan, Ɗan Wusasa ne ya sako ni tun muna aiki a makaranta ɗaya, yawanci karatu nake yi in yi shiru. Amma yau kun taɓo fannina. Abin da Rabaran ya kawo, a balaga muna da sunayensa. Juya kalmomi irin na Asabar da mutum shi ne aksu ko tabdili, misalinsa a Alƙur'ani shigar da dare cikin yini da shigar da yini cikin dare. Akwai kuma laffu wan nashru, wato a naɗe abubuwa a jere sannan a warware su, wani lokaci bisa jerin, wani lokaci a juye. A Ali Imrana aya ta 106 da 107 an ambaci fuskokin da za su yi fari da waɗanda za su yi baƙi, da aka zo bayani sai aka fara da masu baƙi aka rufe da masu fari. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Uƙudul Juman na Suyuɗi ya gamu da waɗannan babuka. Wani abin kuma, dam ɗin da Rabaran ya rubuta, da Larabci ma jini ke nan.

Tsohon Rabaran:
Wa alaikumus salam Malam, maraba. Harsunan 'yan ɗaki ɗaya ne. Wasan da ke tsakanin dam da adam kuwa shi ne abin da ba fassarar da ta iya ɗaukowa.

Habila mai gita:
To amma in ban da daɗin ji, me yake ƙara mini? Ko na gane an juya ko ban gane ba, ai ma'anar tana nan.

Rifkatu ɗaliba:
Yaya Habila, ba kullum ba. Buɗe Matiyu 7:6. An ce kada a ba karnuka abu mai tsarki, kada a zuba wa aladu lu'ulu'u, don kada su tattake su, su juyo su yayyage ku. Tambaya: wa yake tattakewa, wa yake yayyagewa? In ka karanta a miƙe sai ka ɗora wa aladu duka biyun. In ka karanta a juye, karnuka, aladu, aladu, karnuka, sai kowa ya koma sana'arsa. Alade ya tattake, kare ya yayyaga.

Filimon aya ta 5 ma haka. A Helenanci jerin shi ne ƙauna, bangaskiya, Ubangiji Yesu, tsarkaka. In ka haɗa su a miƙe sai ka ce ana ba da gaskiya ga tsarkaka. A juye kuwa bangaskiya ta tafi ga Yesu, ƙauna ga tsarkaka, daidai da yadda aka faɗa a fili a Kolosiyawa 1:4. Shi ya sa masu fassara da yawa sukan sake jera ayar don kada mai karatu ya ruɗe.

Habila mai gita:
Wanda bai taɓa kiwon alade ba ne zai ce ba ya cizo. Kakana a ƙauye har ya rasu yana da tabo a ƙwauri.

Rifkatu ɗaliba:
Na sallama, akwai masana da suke gefenka ma. Amma Filimon fa?

Habila mai gita:
Filimon na bar miki.

Yakubu Kafanchan:
Abin al'ajabi! Wannan ya tabbatar da saƙon da aka turo mini kwanaki. Zabura 118:8 ita ce ayar da take tsakiyar Littafi Mai Tsarki cif, kuma cewa ta yi gara a dogara ga Ubangiji da a dogara ga mutum. Ɗan Adam ba zai iya tsara wannan ba. Duk mai musu ya zo ya yi bayani.

Ɗan Wusasa:
Ɗan'uwa Yakubu, ayar gaskiya ce, lissafin ne ba gaskiya ba. Surorin da muke amfani da su wani babban bishop na Kantabari, Stephen Langton, ake danganta wa, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Ishaya da Bulus ba su san su ba. Sannan tsakiyar wane Littafin? Namu mai littattafai 66, ko na 'yan'uwa Katolika mai 73? Yahudawa nasu jerin dabam ne, da Tarihi suke rufewa, ba da Malakai ba. Ko a namu ma, cikin surori 1,189, wadda take tsakiya Zabura 117 ce.

Yakubu Kafanchan:
Wato kai aikinka rage wa mutane bangaskiya. Ilimin boko ya yi maka yawa.

Ɗan Wusasa:
Bangaskiyar da lambar mai ɗab'i take riƙe da ita, ran da wani ya ƙirga ya ga ba haka ba, ina za ta?

Maman Rahila:
Don Allah a sassauta. Ni na kawo tambayar, kada ta zama sanadin faɗa.

Malam Sani:
Malam Yakubu, kada ranka ya ɓaci, mu ma muna da irin wannan. Za ka ji ana cewa Baƙara aya 286 ce, aya ta 143 kuma ita ce ta ce an sanya ku al'umma matsakaiciya, ga tsakiya a tsakiya. Yana da daɗin ji, akwai kuma masu nazari irin su Raymond Farrin da suka yi rubutu mai kyau a kan yadda farkon surar da ƙarshenta suke amsa wa juna. Amma 286 ƙirgar mutanen Kufa ce. A ƙirgar Madina, wadda ake bi a mus'hafin Warshu da muka tashi da shi a makarantar allo, 285 ce. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su kafa hujja da kalmomin, lambar su bar ta a matsayin ado.

Tsohon Rabaran:
Yakubu ɗana, sha'awar neman tsakiya ba laifi ba ce, tsohuwa ce ma. Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce magabatan marubuta suna ƙirga haruffan Attaura ɗaya-ɗaya, har suka ce harafin waw na wata kalma a Littafin Firistoci 11:42 shi ne rabin haruffan. Har yau a naɗaɗɗun littattafan majami'unsu ana rubuta wannan harafin da girma fiye da sauran.

In kana son abin da zai faranta maka rai kuma ya jure ƙirga, je ka Zabura 67. Aya bakwai ce. Ta 3 da ta 5 kalma ɗaya ce ba bambanci, bari al'ummai su yabe ka ya Allah. Ta farko da ta ƙarshe duka roƙon albarka ne. Ta 4 tana zaune a tsakiya, ta fi kowace tsawo. In ka cire kan maganar ka ƙirga kalmomin Ibranancin, za ka sami 7, 6, 6, 11, 6, 6, 7. Jimla 49. Yahudawa sun daɗe da ganin wannan. Sukan rubuta zaburar da siffar alkukin nan mai fitila bakwai na Fitowa 25, rassa uku nan, uku can, doguwar ayar ta zama gindin, su rataye a bangon majami'a ko su sa a littafin addu'a. Da yawansu kuma suna karanta ta a kwanaki 49 da ake ƙirgawa daga Idin Ƙetarewa zuwa Idin Makonni, kalma ɗaya ga kowace rana. Wannan ba Bature ne ya gano musu ba.

Yakubu Kafanchan:
Na gode Baba. Wannan zan tura wa wanda ya turo mini wancan.

Rifkatu ɗaliba:
Bari in tona wa kaina asiri, ko wani zai tsira. A shekarata ta biyu, da aka koya mana wannan abu, sai ya zame mini kamar yaron da aka saya wa sabuwar tocila, ko da rana haskawa yake. Aka ba mu aikin gida a kan wasiƙar Yakubu ta Sabon Alkawari. Na kwana uku ina jan layi, na fito da A har zuwa G, na koma, na sa tsakiyar a inda nake so wa'azina ya sauka. Na buga shi tsaf, kowane layi ya ɗan shiga ciki kamar matakala. Da takardar ta dawo, malamin bai rubuta dogon sharhi ba. Ya zagaye wurare uku da jan biro, a gefen kowanne ya rubuta: ina waɗannan ayoyin suka tafi? Na duba, ashe duk abin da ya ƙi shiga tsarina na yi kamar ban gan shi ba. A ƙasa kuma ya ƙara layi ɗaya, wai B ɗina na ce "gwaji", B na biyu na ce "haƙuri cikin gwaji", amma kalmar gwaji ba ta cikin sashe na biyun, ni na sa ta a kan maganar don su yi kama.

Tun ran nan in na ga an jera A, B, C, abin da nake fara dubawa shi ne ko kalmomin da suka dace ɗin na nassin ne ko na mai jerawar.

Baba Katikis:
Allah ya yi wa malamin nan albarka. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, sai aka ɗauka tsufa ne.

Habila mai gita:
Ni ma na gano ɗaya. Takardar cefanen da madam ta ba ni jiya: albasa, tumatir, NAMA, tumatirin gwangwani, albasa mai lawashi. Saƙon yana tsakiya. Na kuwa dawo ba naman, shi ya sa na kwana a falo.

Talatu:
Habila ba ka da dama. Amma wasa-wasa ka faɗi gaskiya, komai in ka matsa masa zai yi.

Ɗan Wusasa:
Shi ya sa manyan misalan da na fi amincewa da su su ne waɗanda wani abu na waje yake shaida musu. Daniyel ne gwanina. Daga tsakiyar 2:4 zuwa ƙarshen sura 7 littafin ya bar Ibrananci ya koma Aramiyanci, wato harshen da kansa ya shata iyakar. A cikin iyakar nan, sura 2 mafarkin gunki mai mulkoki huɗu, sura 7 wahayin namomin jeji huɗu, su ma mulkoki. Sura 3 abokai uku a tanderun wuta, sura 6 Daniyel a ramin zakoki. Sura 4 an ƙasƙantar da Nebukadnezzar, sura 5 an ƙasƙantar da Belshazzar, har Daniyel yana tuna masa abin da ya sami na farkon. Ba ayar da aka ɓoye a aljihu. Ƙarshen 2 Sama'ila ma haka, sura 21 zuwa 24: yunwa, jarumawan Dawuda, waƙa, waƙa, jarumawa, annoba.

Inda abin yake kwaɓewa shi ne in an ce littafi guda sukutum zobe ne, wato shi ma tafi-ka-dawo ne. Littafin Firistoci, wasu sun ce tsakiyarsa sura 16, Ranar Kafara. Mary Douglas, masaniyar al'adu 'yar Ingila, ta ce sura 19, inda aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka. Masana biyu, littafi ɗaya, cibiya biyu.

Maman Rahila:
To su wa suka fara lura da abin a cikin Kirista? Ko sai kwanan nan?

Ɗan Wusasa:
Ya kwana biyu. Robert Lowth ya buga laccocinsa na Okusfod a kan waƙar Ibrananci a 1753, shi ya fito da maganar layi biyu masu amsa wa juna. John Jebb a 1820 ya nuna irin wanda yake juyawa ciki. Nils Lund a Amurka ya yi littafi guda a kan Sabon Alkawari a 1942, daga nan abin ya bazu. Lokacin da ɗan mishan Likita Mila (Walter Miller) da abokan aikinsa suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, littafin Lund bai ma fito ba.

Tsohon Rabaran:
Tun da an taɓo fassara, ga wanda yake ba ni takaici duk lokacin da na karanta shi da Hausa ko Turanci. Hasumiyar Babila, Farawa 11:1-9. An buɗe da dukan duniya da harshe ɗaya, an rufe da harshen dukan duniya. Mutane suka ce ku zo mu yi tubali, Allah ya ce ku zo mu sauka mu dagula. A tsakiya, aya ta 5, Ubangiji ya sauko don ya ga hasumiyar, wadda su a ganinsu ta kusa taɓa sama. Wannan kowa zai gani a kowane harshe. Abin da ba ya ƙetarowa shi ne sautin. Mu yi tubali nilbena ne, mu dagula nabela. Baƙaƙen tubali l, b, n, na dagulawa n, b, l. An juya musu kalmarsu kamar yadda aka juya musu aikinsu.

Habila mai gita:
Wato zaurance aka yi musu.

Baba Katikis:
Habila, ka iya bakinka, maganar Allah ake yi.

Tsohon Rabaran:
Ƙyale shi Katikis, bai yi nisa da gaskiya ba. Irmiya ma ya kira Babila da suna Sheshak a 25:26, ta hanyar musanya harafin farko na abajadin Ibrananci da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har ciki. Mutanen da suke wasa da abajadinsu gaba da baya, ba abin mamaki ba ne su yi wa labari haka.

Maman Rahila:
Na dawo da rahoto. Jiya da dare bayan tuwo na ce bari in gwada, ba allo ba alli. Ban ɗauki Nuhu ba, Esta na ɗauka, domin Rifkatu ta rubuto mini a gefe cewa shi ma haka yake. Na karanta musu a zama biyu, surukata tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Sarki ya cire zobensa ya ba Haman a sura 3, aka aika takardu. Esta ta yi biki na farko. Da muka iso sura 6, daren da barci ya ƙaurace wa sarki, Haman ya shigo da sassafe yana tsara wa kansa girma, rigar sarki, dokin sarki, a zaga da shi gari, sai aka ce maza ka yi wa Mordekai haka. Mama ta ajiye gyaɗar ta yi shewa, ta ce yau ga Waziri ya koma zagi, har da sanƙira. Daga nan kafin in karanta abu ita take faɗa. Ta ce to saura biki na biyu. Ta ce zoben nan zai koma hannun wancan. Ta ce za a sake aika wasu takardun. Duk kuwa haka aka yi, sura 7 da 8.

Na ce Mama, ai abin da yaron nan ya rubuta a allo ke nan. Ta ce a'a, wannan labari ne, wancan lissafi.

Tsohon Rabaran:
Ki gaishe ta da kyau. Ki gaya mata 9:1 ta riga ta faɗi abin da ta ji, wai sai al'amarin ya juye. Yahudawa har yau suna rera wannan kalmar a Idin Furim. Littafin bai ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba a Ibrananci, amma ya ajiye rashin barcin sarki daidai inda komai ya juya.

Baba Katikis:
Na yarda da Esta, na yarda da Daniyel, Zabura 67 ma na sa jikana ya ƙirga mini a wayarsa ta fita. Nuhu ne har yanzu ban gama da shi ba. Ɗana na Wusasa, a jerin nan na 31, hankaka da kurciyar da aka saka ta taga, da me aka haɗa su a gefen farko?

Ɗan Wusasa:
Da shigar Nuhu da iyalinsa da dabbobi cikin jirgi, Baba. Can an shiga, nan an fita.

Baba Katikis:
Mutum takwas da dabbobin duniya suka shiga, tsuntsu biyu suka fita, ɗaya ma ta komo. Sannan ainihin fitar tana can gaba a 8:18. Wannan hannun rigar bai kai ɗan'uwansa ba, ɗana.

Ɗan Wusasa:
Bai kai ba, Baba. Ku ba ni zuwa Asabar in sake duba takardar.

Baba Katikis:
Na ba ka. Ka zo da arba'in ɗina guda biyu ma.